Gidan da na saya a Garwa, ban da ɗaki ɗaya

Ban iya Faransanci ba lokacin da na sauka a Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma ba zan bugi ƙirji in ce na iya shi yanzu ba. Aikin akawu na karanta a jami'a. Na gama, na zauna a Misau ina rubuta takardun neman aiki har kawuna ya gaji da ganina, ya haɗa ni da wani Alhaji mai sito a kusa da babbar kasuwar Garwa. Kakannin Alhajin daga wajenmu suka zo da fatauci, shi ya sa yake son mai riƙe masa lissafi ya zama ɗan gida.

Mai babur ɗin da ya ɗauke ni daga tasha ya zagaya da ni har na ga gadar Binuwai sau biyu. Ban yi magana ba, don a lokacin ban tabbata ko gada ɗaya ce ko biyu ba. Alhaji ya ba ni ɗaki a bayan sito, tsakanin buhunan shinkafa da katan-katan na sabulu. Zafin garin kuwa, ban san yadda zan kwatanta shi ba. Mutum zai yi wanka, kafin ya sa riga ya sake jiƙewa. A kasuwa za a gaishe ka da Hausa, kana murna ka samu ɗan'uwa, sai a zarce da Fillanci, a rufe da Faransanci, a bar ka kana murmushi ba ka san abin da ka amince da shi ba.

Matata Rahama da 'yarmu Ummi suna Misau, a gidan mahaifiyata. Nakan je in ga su idan Alhaji ya ba ni dama, sauran lokaci sai waya. Wata rana Rahama ta gaya mini, tana dariya, cewa idan aka tambayi Ummi ina Baba, waya take nunawa. Ni ban yi dariya ba. Da Rahama ta sake samun ciki, Inna ta kira ni da kanta.

“Lurwanu, matarka ba kayan ajiya ba ce. Na sayar da gonar fadama. Ka haɗa da abin da ka tara, ka nemi inda za ku zauna kafin ta sauka.”

Gonar nan ita kaɗai Inna ta gada daga mahaifinta. Na ce mata ai da haya ma za mu iya farawa. Ta ce ba ta sayar da gona don ta ciyar da mai gidan haya ba. Tun daga ranar barcina ya ragu. Kuɗin suna banki, amma ji nake kamar a aljihuna suke, kuma aljihun a huje.

Wani mai shago a layinmu ya haɗa ni da dillali, sunansa Hamadu, amma kowa Ambasada yake ce masa. Dogo ne, kullum cikin kwat ko da rana tana tsakiya. Ya sa ni a wani zaure na dillalai a waya, inda ake tura hotunan gidaje, a ƙarƙashin kowane hoto da kalma ɗaya ko biyu ta Faransanci. Na roƙe shi ya fassara mini su. Ni ma patron yake ce mini, wato maigida.

“Patron, ai babu wahala. Disponible, akwai shi. Réservé, an kama. Vendu, ya tafi. Titré, yana da takardar gwamnati. En cours, takardar tana hanya.”

“Tana hanya daga ina?”

“Daga Yawunde, babban birni.”

“Yaushe za ta iso?”

“Patron, ni dillali ne, ba direba ba.”

Gidan farko da ya kai ni a unguwar Marware yake, kuma réservé aka rubuta a ƙarƙashinsa. Na tambaye shi me zai sa ya nuna mini abin da wani ya riga ya kama. Ya ce kamu iri-iri ne, akwai na kuɗi, akwai na baki, wannan da baki aka kama shi. Na biya kuɗin gani, na sa masa mai a babur. A gidan muka tarar da wani mutum mai tsayin gemu yana ƙwanƙwasa bango, tare da nasa dillalin. Ambasada ya raɗa mini cewa wannan ne ya kama, in ina so sai in yi sauri in ɗara shi. Da muka haɗu da mai gemun a bakin rijiya, ya dube ni ya ce da Hausa, “Malam, kai ne aka ce ka kama gidan nan?” Muka tsaya muna kallon juna. Dillalan biyu kuwa suna can ƙarƙashin darbejiya suna raba goro.

Na biyu a Jambutu. Na taɓa ganin hotonsa da vendu a ƙasa, har na ji haushin na makara. Bayan 'yan makonni sai ga shi ya dawo disponible. Ambasada ya ce mai sayen ne ya sauya ra'ayi, 'yan Adam ke nan. Da na je, na ga wani layi mai duhu ya zagaye bangon ɗakunan daidai gwiwata, an yi ƙoƙarin rufe shi da farar ƙasa. Ban san aikin gini ba, amma na girma a bakin fadama, na san sawun ambaliya.

Na uku titré ne, a Laynde. Na karɓi lambar takardar na je ofishin filaye da kaina, na wuni a kan benci. Da layi ya zo kaina aka nuna mini cewa takardar gaskiya ce, sai dai ta wani babban fili ce da ya haɗa gidaje masu yawa, har da masallaci da injin niƙa. Ba a yanka wa kowa tasa ba tukuna. Na koma na gaya wa Ambasada. Ya ce, “To ai ban yi ƙarya ba, patron. Titré ne. Yankan ne en cours.” A ranar na yi wa kaina alkawari cewa ko kyauta aka ba ni gidan da wani abu nasa yake en cours, ba zan karɓa ba.

Ina gab da haƙura sai ga wani gida a Yelwa. Disponible, titré. Ɗakuna huɗu, zaure, famfo, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Ambasada ya ce ba za mu shiga ba, akwai mata a ciki, amma masu tashi ne. Ya hau da ni saman wani bene da ba a gama ginawa ba a maƙwabta, muka leƙa daga can. Na ga tsakar gida a share, na ga rufin kwano mai ɗan tsatsa a gefe ɗaya. Na sake zuwa ofishin filaye. Wannan karon takardar ta gidan ce shi kaɗai, iyakokinta sun dace. Na yi waya da mai sayarwa, wani Sali da ke sana'ar fata a Maruwa. Na ce masa sunan da ke kan takardar ba nasa ba ne. Ya ce na babansu ne, kuma 'yan'uwansa duk sun yarda. Na tambaye shi lambar fili, na tambaye shi kuɗin ruwa da na wuta, har na tambaye shi ko unguwar tana ambaliya. Ban tambaye shi ko baban yana raye ba. Tambayar ba ta zo mini ba ko kaɗan.

Na ba da kafin alƙalami a gaban shaidu, da sharaɗin idan ni na fasa, ba za a mayar mini ba. Da yamma kalmar da ke ƙarƙashin hoton ta koma réservé. Na daɗe ina kallonta. Na kira Inna na ce mata ina jin an samu, na kira Rahama na ce ta fara haɗa kaya a hankali.

Ranar Juma'a bayan masallaci, da sabuwar shaddata a jikina, na ce bari in bi ta Yelwa in sake ganin gidan, ko daga waje ne. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar, dattawa suna zaune. Kafin in juya, wani tsoho ya matsa ya ba ni wuri. Na yi sallama na zauna, don ban ga yadda zan wuce ba. Sai kowa ya ɗaga hannu. Ni ma na ɗaga. Aka yi addu'a, aka shafa, aka tura mini faranti na masa. A nan na fahimci sadakar arba'in ake yi, kuma sunan da liman yake ambata shi ne sunan da na gani a takardar gidan.

Tsohon ya tambaye ni daga ina. Na ce daga Najeriya, amma a nan nake aiki. Ya ce, “Allahu akbar, har daga Najeriya. Malam mutumin mutane ne. Tashi ka gaisa da Dada, za ta ji daɗi.”

Ya riƙe hannuna ya shigar da ni tsakar gidan da na leƙa daga bene. Dada, matar marigayin, tana takaba, tana zaune a ɗakin da ke kusa da mangwaron, asabari a sake. Ƙafafunta kawai nake gani da carbi. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta amsa da Hausa mai gardin Fillanci.

“Ɗana, a ina ka san Malam?”

“Ban san shi sosai ba, Dada. Sunansa dai na sani.”

“Haka yake. Da yawa sunansa suka sani.” Sai ta tambaye ni, “Kana da uwa a garin nan?”

Na ce a'a. Ta ce to daga yau duk Juma'a in zo in ci abinci, baƙo ba ya rayuwa da abincin kasuwa.

Na fita. Na sami Ambasada a wajen mai shayi, na ce masa ya ce mini masu tashi ne. Ya ce, “To, za su tashi mana. Takaba ai ba ta dawwama.” Na ce tsohuwar ta san an sa gidan a kasuwa? Ya kurɓi shayi, ya ce wannan maganar iyali ce, shi a waje yake tsayawa.

Na yi niyyar kada in koma. Amma Juma'a ta zagayo, na ga idan ban je ba na yi wa tsohuwa rashin kunya, idan na je kuma ban san sunan abin da nake yi ba. Na je. Aka kawo mini tuwon masara da miyar yakuwa da kifin Binuwai, na ci a gindin mangwaro, tana magana daga bayan asabari. Ta ce Malam ne ya dasa bishiyar shekarar da aka kawo ta gidan. Ta ce idan ta fita takaba za ta sa a sauya kwanon ɗakinta kafin damina, yana yoyo a kusurwa. Haka na riƙa zuwa, Juma'a bayan Juma'a. Kowane zuwa da niyyar in faɗa mata nake fita, in dawo da kwanon abinci a hannu. A waya kuma Rahama tana tambayata launin labulen da za ta saya.

Da abin ya ishe ni na nemi izinin Alhaji na hau mota zuwa Maruwa. Hanyar ta gajiyar da ni: ramuka, manyan motocin auduga, shingen jami'ai inda ake karɓar takarduna a juya su a sake juyawa. Na sami Sali a rumfarsa cikin masu dukanci, yana yanka fatar takalmi. Na zo da shirin ganin macuci, har na tsara maganganun da zan faɗa masa a mota. Sai na tarar da mutum mai sanyin murya, wanda ya rufe rumfa ya kai ni gidansa, ya nuna mini sabon ɗaki da aka shafe da shuɗin fenti, da katifa a cikin ledarta.

“Na Dada ne,” in ji shi. “Mu huɗu ne, babu wanda yake Garwa. Wa zai bar uwarsa ita kaɗai a gida mai ɗaki huɗu? In ta faɗi da dare, wa zai ji?”

“Amma ba ta sani ba.”

“Malam Lurwanu, a garinku ana zuwa wa mai takaba da maganar ciniki? In ta fita za mu zauna da ita. Gidan disponible ne, ban yaudare ka ba. Lokaci kawai muke jira.”

Ya ba ni takalmi kyauta, ya raka ni tasha. A hanyar dawowa na yi ta auna maganarsa, ban gano inda ya yi ƙarya ba, ban kuma gano inda hankalina zai kwanta ba.

Alhaji ya ce in daina yawo in je wajen notari, wato lauyan da ake ƙulla cinikin gida a gabansa. Matar da na samu a ofishin ta saurare ni ta bakin tafinta. Ta ce gidan mamaci ba ya sayuwa sai kotu ta tabbatar da magada, kuma kowane magaji ya sa hannu, har da matar. Ta ƙara da cewa ni baƙo ne, cinikina sai an kai shi Yawunde an sa masa hatimi. Na tambaye ta, to a halin yanzu gidan nan mene ne sunansa, disponible ko réservé? Ta cire tabarau ta ce waɗannan kalmomin na dillalai ne, ita ba ta aiki da su.

Ke nan komai ya rataya a kan hannun Dada. Idan ta ƙi, babu gida, ga Rahama ta kusa. Idan na janye da kaina, wani yanki na gonar Inna ya tafi a banza. Idan kuma 'ya'yanta suka taru suka lallashe ta ta sa hannu tana kuka, ni ne zan kwana a ɗakin da take shirin sauya wa kwano.

Ranar da ta fita takaba na je da yamma, bayan mata sun watse. Sali zai iso washegari. An naɗe asabarin, karo na farko na ga fuskarta: ƙaramar tsohuwa ce mai tsagen Fulani a gefen baki. Na durƙusa, na fara da cewa akwai wata magana da wataƙila ya kamata a ce na faɗa tun tuni, ko da yake ban tabbata ni ne ya dace in faɗa ba.

“Ta gidan?” in ji ta.

Na ɗaga kai.

“Ɗana, mai zuwa ta'aziyya ƙasa yake kallo. Kai tun ranar farko rufi kake kallo. Kuma matar maƙwabcinmu ta gan ku a kan bene, kai da mai kwat.”

“Me ya sa ba ki ce komai ba, Dada?”

“Ina takaba. Kuma ina so in ga irin cin abincinka.” Ta gyara mayafi. “Sali yaron kirki ne, amma ba zan je Maruwa ba. A nan aka kawo ni, daga nan za a fitar da ni. Na tambayi liman, ya ce ina da tumuni a gidan nan, kashi ɗaya cikin takwas. Yara su sayar maka da nasu, suna da buƙata. Nawa shi ne ɗakin nan da bishiyar, ba na sayarwa ba ne. In za ka iya zama da tsohuwa, bismilla. In ba za ka iya ba, ni zan sa Sali ya mayar maka da abin da ka bayar.”

Na ce zan yi shawara. Ta ce in yi, amma matata wata nawa ne cikinta? Na faɗa mata. Ta ce, “To wa zai yi mata wankan jego a garin nan, kai?”

Sali ya iso, suka rufe ƙofa shi da ita tun hantsi har azahar. Da ya fito idanunsa sun yi ja. Ya ce mini katifar nan zai aiko da ita Garwa. Aka kira liman da magini suka kimanta ɗakin da bishiyar, aka rage mini kuɗin daidai da haka. Notari ta ce ana iya yi, gidan zai zama na mutum biyu, amma sai an bi kotu, an bi ofishin filaye, an jira Yawunde. Na tambaye ta yaushe za a gama. Ta ɗaga kafaɗa ta faɗi kalma biyun nan da na yi wa kaina alkawari a kansu: en cours. A zauren dillalai kuwa, a ranar Ambasada ya sauya rubutun ƙarƙashin hoton zuwa vendu, ya zo karɓar la'adarsa da sabuwar kwat.

Kafin in sa hannu a kan komai na fita bakin titi na kira Inna, don gonarta ce.

“Inna, gidan ya samu, amma ba duka ba.”

“Wane ɓangare ne babu?”

“Ɗaki ɗaya, da bishiyar mangwaro. Akwai wata tsohuwa a ciki, ba za ta tashi ba, ko da yake kwanon ɗakin yana yoyo. Takardar ma ba ta fito ba tukuna, an ce tana hanya. Ban sani ba ko na yi daidai.”



“Tsohuwar tana salla?”

“Tana yi.”

“Ita ce mai ba ka abincin da Rahama ta ce ka yi ƙiba?”

“Ita ce.”

“Bishiyar tata ce, na ji. Inuwar fa?”

Na tsaya na tuna yadda tsakar gidan take bayan la'asar. Na ce mata ina jin da yamma inuwar wajen ɗakunanmu take faɗowa.

“To ka sa hannu,” in ji Inna. “Ka kuma sauya mata kwanon nan kafin ruwa ya sauka.”